Filogin a Ɗakin Haɗa Kiɗa: Inda Suke Zama, Yadda Ake Tsara Su, da Abin da Ke Hana Tsohon Aiki Buɗewa

Filogin ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa babbar manhajar haɗa kiɗa domin ta ƙara mata wani aiki. Ba ya cin gashin kansa. Sai a cikin manhajoji irin su FL Studio, Cubase, Ableton Live, Logic Pro, Pro Tools ko Reaper yake motsi. Muryar da ke lanƙwasa a waƙoƙin nanaye na Kannywood, da amon da ke sa a ji kamar a babban zaure aka rera waƙa, da gangunan da babu makaɗin da ya taɓa su, galibinsu aikin filogin ne. Mai haɗa kiɗa kan tara ɗaruruwansu cikin 'yan shekaru, har ya kai ga bai san inda suke ba, bai kuma san waɗanda ayyukansa suka dogara a kansu ba. A nan ne asara ke shigowa.

Rabe-rabensu

Filogin iri biyu ne. Na farko masu samar da sauti, wato kayan kiɗa na cikin kwamfuta: piyano, ganguna, sarewa da makamantansu. Wasu suna ƙirƙirar sautin ta hanyar lissafi, kamar Serum da Vital. Wasu kuma suna kunna sautin da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske, kamar Kontakt na kamfanin Native Instruments da ke Jamus. Na biyu masu gyara sauti: masu daidaita kaifi da kaurin murya, masu danne ƙarar da ta yi yawa, masu ƙara amon ɗaki ko amsa-kuwwa, da masu gyara karin murya. Fitacce a wannan rukuni shi ne Auto-Tune, wanda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997.

Tsare-tsaren da kamfanoni suka shimfiɗa

Kafin manhaja ta karɓi filogin, dole ne a ƙera shi bisa tsarin da take fahimta, kuma kusan kowane tsari yana da mai shi. Kamfanin Steinberg na birnin Hamburg ya fito da VST a 1996. Sigar VST 2 ta zo a 1999, ita ce ta buɗe ƙofa ga kayan kiɗa na cikin kwamfuta, sannan VST 3 ta biyo baya a 2008. A watan Oktoban 2018 Steinberg, wanda yanzu mallakar Yamaha ne, ya daina bai wa sababbin masu ƙira lasisin VST 2.

Apple yana da nasa tsarin, Audio Units ko AU, kuma shi kaɗai Logic Pro da GarageBand ke karɓa. Pro Tools na kamfanin Avid kuwa AAX yake amfani da shi, tsarin da ya bayyana a 2011. A 2022 kamfanonin Bitwig da u-he, dukansu a Berlin, suka ƙaddamar da CLAP, buɗaɗɗen tsari da kowa zai iya ƙira a kansa ba tare da neman izini ba.

Wannan rarrabuwa ita ce tushen farko na cunkoso. Idan ana girka filogin, yakan nemi a zaɓi tsarin da ake so. Wanda ya amince da duka zai tarar da abu guda ya bayyana sau biyu ko uku a jerinsa. Abin da ya fi shi ne a zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa: VST 3 ga yawancin masu Windows, AU ga masu Logic, AAX ga masu Pro Tools.

Inda fayilolin suke zama

A Windows, VST 3 yana da gida tsayayye, wato C:\Program Files\Common Files\VST3. VST 2 ba shi da irin wannan ƙa'ida. Fayil ne mai ƙarshen .dll da za a iya ajiyewa ko'ina, shi ya sa kowane kamfani ke jefa nasa inda ya ga dama, manhaja kuma ta kasa ganinsa. Maganin abin shi ne a ware folda guda ga duk VST 2, a riƙa nuna ta duk lokacin girkawa, sannan a shaida wa manhaja ta duba can.

A kwamfutar Mac, ana samun su a /Library/Audio/Plug-Ins, inda AU ke cikin foldar Components, VST da VST3 kuma kowanne da tasa. Ba a kwashe filogin daga foldarsa ta asali da hannu bayan an girka shi, domin sabuntawa na gaba zai koma tsohon wurin, a wayi gari da kwafi biyu masu siga daban-daban.

Rumbunan sauti irin na Kontakt lamarinsu daban ne. Filogin ɗin kansa ƙarami ne, amma rumbu ɗaya na iya cin gigabait masu yawa. Yawancinsu suna ba da damar a ajiye su a faifan ajiya na waje, matuƙar ba a canza sunan faifan ko harafinsa ba.

Yadda manhaja ke gano su

Kowace manhaja tana bincika foldojin da aka nuna mata, ta gwada kowane filogin, ta rubuta sakamakon. A FL Studio ana yin haka a Plugin Manager, a Cubase a VST Plug-in Manager, a Logic kuma a Plug-in Manager. Wanda ya faɗi gwajin akan jefa shi cikin jerin waɗanda aka toshe. Saboda haka idan filogin ya ɓace, abubuwa huɗu ake dubawa: ko yana foldar da ta dace, ko an sake bincike bayan girkawa, ko an toshe shi, ko kuma tsarinsa bai dace da manhajar ba.

Tsufa ma kan jawo ɓacewa. Cubase 9 a 2016 da Ableton Live 10 a 2018 sun daina karɓar filogin masu bit 32. Apple ya rufe wannan babi gaba ɗaya da macOS Catalina a 2019, sannan a 2020 ya fara komawa ga na'urorin sarrafawa na ƙirarsa, abin da ya tilasta wa kamfanoni sake ƙera kayansu.

Tsarawa bisa aiki

Manhajoji sun saba jera filogin bisa sunan kamfani ko haruffa. Amma mai gyaran murya ba sunan kamfani yake nema ba, abin da zai rage kaifin muryar yake nema. Don haka tsarawa bisa aiki ta fi amfani: rukunin murya, na ganguna, na amon ɗaki, na kayan kiɗa, da na gyaran ƙarshe. Rukuni bakwai ko takwas sun wadatar. A kowane rukuni a fifita biyu ko uku da hannu ya saba da su, sauran a ɓoye su daga jeri ba tare da an goge su ba.

Kayan yin hakan suna cikin manhajojin. FL Studio yana da Plugin database, wanda foldoji ne na gaske da za a iya ƙirƙira, a sake musu suna, a kuma kwafe su zuwa wata kwamfuta. Maɓallin F8 yana nuna su da hotunansu. Ableton Live yana da Collections masu launi bakwai, kuma Live 12 ya ƙara alamomin tacewa a 2024. Cubase da Reaper suna barin mutum ya gina jerinsa na kansa.

Abin da ke hana tsohon aiki buɗewa

Fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da filogin a cikinsa. Abin da yake adanawa shi ne shaidar filogin ɗin da yadda aka saita shi. Idan aka buɗe aikin a kwamfutar da babu wannan filogin, ko aka maye gurbin VST 2 da VST 3 wanda manhajar ke kallo a matsayin wani abu daban, layin zai yi shiru ko sautinsa ya canza. Mawaƙin da ya dawo bayan shekara biyu yana neman a sauya baiti ɗaya, ko ɗan siyasar da ke son a sabunta waƙar kamfe, zai iya tarar da cewa sai an sake aikin daga tushe.

Rigakafin abu uku ne. A fitar da kowane layi a matsayin fayil ɗin WAV da zarar an kammala aiki, har da muryar da ba a taɓa ba. A ajiye rajista mai sunan kowane filogin, sigarsa, tsarinsa da inda lasisinsa yake. A kuma adana fayilolin girkawa da saitunan da aka ƙirƙira a faifai na biyu.

Lasisi da batun mallaka

Wanda ya sayi filogin izinin amfani ya saya, kuma kamfanin ne ke riƙe da sharuɗɗan. Da yawa suna ɗaure lasisin da iLok, ko da manhajojinsu irin su Native Access da Waves Central. A watan Maris na 2023 kamfanin Waves ya sanar da cewa zai daina sayar da lasisin dindindin, ya koma biyan kuɗi lokaci-lokaci kawai. Ƙorafin masu amfani ya sa ya janye cikin 'yan kwanaki, amma lamarin ya nuna a hannun wa wuƙa da nama suke.

Ga matasan situdiyoyin Kano, Kaduna da Jos, farashin da dala ko yuro ake yanka shi, kuma faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara masa nauyi. Wannan na cikin abin da ke tura wasu ga kwafin da aka fasa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sanya manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da take karewa, kamar yadda take kare waƙar mawaƙin kansa. Akwai kuma haɗarin tsaro: a watan Yunin 2019 kamfanin ESET ya bayyana wata muguwar manhaja mai suna LoudMiner, wadda aka ɓoye cikin fasassun manhajojin kiɗa, tana amfani da ƙarfin kwamfutar mutane wajen haƙar kuɗin kirifto na Monero.

Akwai halastattun filogin na kyauta da ƙwararru ke aiki da su: Surge XT da Dexed da sigar kyauta ta Vital wajen samar da sauti, TDR Nova wajen daidaita murya, Valhalla Supermassive wajen amo. Waɗanda suka zo tare da manhajar kanta su ma suna iya yawancin aikin, kuma su ne suka fi tabbacin buɗewa idan aka kai aikin wata kwamfuta mai irin wannan manhaja.