Hasken rana da zoben seton: taƙaitaccen tarihi

1. Gabatarwa

A fadamun Birnin Ƙwanni, da gonakin albasa na Galmi cikin gundumar Malbaza, da kasuwannin Ilela, kowa ya san ledar da ta daɗe a rana: takan koɗe, ta yi gautsi, da an taɓa ta sai ta marmashe. Manomi yakan ce rana ce ta cinye ta, kuma da gaskiyarsa. A wannan ɗan nazari za mu bi diddigin yadda masana kimiyya suka gano abin da haske yake yi.

2. Daga Bolonya zuwa Toronto

Seton (cétone) sinadari ne wanda a cikinsa ƙwayar karbon ɗaya take riƙe da oksijen ta ɗauri biyu, tana kuma tsakanin wasu karbon guda biyu. A wasu seton ƙwayoyin karbon sun jeru sun yi zobe. Kafur na asali yana cikinsu.

A farkon ƙarni na 20, Giacomo Ciamician da Paul Silber sukan jera kwalabe a saman ginin Jami'ar Bolonya ta Italiya, su bar su a rana wata da watanni. A 1908 suka bayyana cewa seton mai zoben karbon 6, in yana cikin ruwa, rana takan tsinke zoben ya koma miƙaƙƙen asid. A shekarun 1930, Ronald Norrish na Kembirij a Ingila ya fayyace dalili: seton yakan sha hasken ultrabiyole, sai ɗaurin da ke tsakanin karbon mai oksijen da maƙwabcinsa ya katse. Har yau ana kiran wannan tsinkewa da sunansa. Ya sami kyautar Nobel a 1967.

A shekarun 1960, binciken Peter Yates a Toronto ta Kanada, da na wasu, ya nuna cewa tsinkewar ba kullum ɓarna ba ce. A ƙaramin zobe mai karbon 4, bakin da ya tsinke yakan kama oksijen, zoben ya sake rufewa da ƙwayoyi 5. Ashe hasken da ke kwance ɗauri yakan faɗaɗa zobe.

3. Abin da ya shafe mu

Leda ba zobe ba ce, doguwar sarƙar karbon ce. Amma iska da zafi sukan dasa mata gurbin seton nan da can, daga nan hasken rana ya dinga tsinke sarƙar ta hanyar da Norrish ya bayyana. Don haka marmashewa ba ɓacewa ba ce: gutsattsarin suna nan cikin ƙasar noma da cikin tumbin dabbobi. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita.

4. Kammalawa

A jawabinsa na 1912 a birnin New York, Ciamician ya yi hasashen cewa wata rana ƙasashe masu zafin rana za su kafa masana'antu marasa hayaƙi. Abdou Moumouni Dioffo (1929-1991), wanda ya jagoranci ONERSOL a Yamai, ya sa rana ta ɗumama ruwa da dafa abinci. A ganinmu saura ɓangaren sinadarai: ranar jihar Tawa tana tsinke ɗauri kyauta kowace safiya, ya rage ga ɗalibanmu su koyi zaɓa mata ɗaurin da za ta tsinke.