Hakiya

hakiya (suna, tamata). Farin tabo ko hazo da kan bayyana a kan tantanin nan garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido, ya tare haske. Ta sha bamban da yana, wadda mazauninta can cikin ido ne.

Sabubbanta suna da yawa: ƙyanda, da amosanin ido, da ƙaiƙayin shinkafa da kan soki manoma lokacin sussuka a fadamun Argungu. Akwai kuma wadda kan biyo bayan fiɗa, domin idan likita ya cire yana, kamar yadda ake yi a asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi, tantanin yakan sha ruwa ya kumbura, har majinyaci ya wayi gari yana gani dishi-dishi, ya zaci aikin ya ɓaci, alhali galibi lalura ce mai gushewa cikin kwanaki ko makonni. Ilajin irin wannan hakiya maganin ɗigawa ne, irin su prednisolone mai kwantar da kumburi, wani lokaci da ruwan gishirin asibiti mai janye ruwan.

Sai dai wajibi ne a kiyaye ƙa'ida, gama prednisolone, in aka daɗe a kansa ba da duban likita ba, yakan jawo hawan jinin ido, in kuwa aka ɗiga shi a kan gyambo sai cutar ta ta'azzara; abin takaici ne ƙwarai yadda ake sayensa a kemis barkatai. Amma hakiyar da ta tsufa ta zama tabo, ɗigo ba ya kawar da ita, sai dashen tantani, wanda aka fara cin nasararsa a 1905.

*Misali:* Baba, a koma asibiti a duba hakiyar nan tun ba ta kafu ba.