Luwiyanci: Harshen da Aka Daɗe Ana Kira da Sunan Wani

A shekarar 1812 wani matafiyi mutumin Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya ga wani dutse a jikin bango a birnin Hama na ƙasar Sham, an sassaƙa masa ƙananan siffofi irin na rubutu, amma ba su yi kama da na Masar ba. Bayan shekara sittin da 'yan kai, William Wright da A. H. Sayce suka danganta irin wannan rubutu ga Hittiyawa, mutanen da aka san sunansu a Attaura da kuma rubuce-rubucen Masar da Assuriya. Tun daga nan sunan ya bi shi, aka yi kusan ƙarni guda ana ce masa rubutun zanen Hittiyawa. Alhali kuwa harshen da ke cikinsa na wasu mutane ne daban, watau Luwiyawa.

Luwiyawa sun zauna a tsakiya da kudancin Anatoliya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, tun wajen shekara 2000 kafin Miladiyya (K.M.). Harshensu ɗan'uwan Hittiyanci ne, dukkansu kuwa suna cikin reshen Anatoliya na dangin harsunan Indo-Turai. An fara ganin sunayensu a allunan yumɓu na fataken Assuriya da suka yi zango a Kanesh. Sunan nan Luwiya daga bakin Hittiyawa ya fito: a tsofaffin dokokinsu an ce idan bawa ya gudu zuwa ƙasar Luwiya, wanda ya komo da shi za a ba shi shekel shida na azurfa. Ba a taɓa yin wata daula guda da ta tattara Luwiyawa duka ba, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa tarihi ya yi musu rowa, domin marubuta tarihi sun fi saurin ganin gadon sarauta a kan bakin talakawa.

A 1906 Hugo Winckler ya fara tona Hattusa, fadar Hittiyawa, aka sami dubban alluna da rubutun ƙusa irin na Mesofotamiya. Bedřich Hrozný ya warware Hittiyanci a 1915, sa'an nan a 1919 Emil Forrer ya nuna cewa allunan na ɗauke da harsuna takwas. A wasunsu, musamman na tsafi da magani daga ƙasar Kizzuwatna, magatakarda yakan bayyana abin da boka zai yi da Hittiyanci, in ya zo kan kalmomin da za a furta sai ya rubuta luwili, wato "da Luwiyanci", ya sake harshe. Daɗin daɗawa, a allunan ƙarni na 13 K.M. kalmomin Luwiyanci sun yi ta kutsawa cikin Hittiyanci, har magatakarda sukan sa wata 'yar alama a gaban wasunsu. A wannan zamani kuma sarakuna irin su Tudhaliya IV a Yalburt da Suppiluliuma II a Nishantash, in za su rubuta abin da jama'a za su gani a jikin dutse, da rubutun zane suke yi, da Luwiyanci. Bisa ga wannan ne Ilya Yakubovich ya kawo hujja a 2010 cewa a ƙarshen daular yawancin mutanen Hattusa Luwiyanci suke yi, Hittiyanci ya zama harshen fada da magatakarda. Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi: da Hattusa ta faɗi wajen 1180 K.M., Hittiyanci ya ɓace ɗungum, Luwiyanci kuwa aka ci gaba da rubuta shi har kusan shekara ɗari biyar.

To, me ya hana a gane cewa harshen duwatsu da na allunan boka ɗaya ne? Kuskuren karatu ne na alamomi huɗu kacal. Rubutun zanen yana da alamomi wajen ɗari biyar, wasu na wakiltar kalma sukutum, wasu gaɓa, ana kuma karanta layi ɗaya daga dama, na biye daga hagu, kamar yadda shanu ke kai-da-komo a huɗa. Meriggi da Gelb da Bossert da wasunsu sun yi nisa da shi a shekarun 1930, sa'an nan a 1946 Bossert da Halet Çambel suka gano Karatepe, inda wani mai mulki, Azatiwada, ya bar dogon rubutu da Luwiyanci da Finikiyanci gefe da gefe. Ma'ana ta samu, amma furuci bai daidaita ba. Sai a 1973 J. D. Hawkins da Anna Morpurgo Davies da Günter Neumann suka nuna cewa alamomin da ake karantawa i da ī da a da ā, a haƙiƙa zi ne da za da i da ia. Abin da ya taimake su kuwa ba wani babban abu ba ne: sunayen ma'aunai ne na Urartu da aka rubuta a jikin randuna a Altintepe, waɗanda aka riga aka san furucinsu daga rubutun ƙusa. Da aka yi wannan gyara, kalmar nuni da ake karantawa ī- ta koma za-, daidai da ta Luwiyancin alluna, ɗafe-ɗafen jam'i da na aikatau su ma suka faɗa wurarensu. Ɗalibin nazarin harshe zai lura cewa nahawu ne ya yanke hukunci a nan.

Ƙananan masarautun da suka gaji daular, irin su Karkemish da Melid da Gurgum da Hama, har yau da sunan Hittiyawa masana ke kiransu, ko da yake akwai uzuri, tun da Assuriyawa ma Hatti suke ce wa yankin. Wajen 800 K.M. Yariri, muƙaddashin Karkemish, ya yi alfaharin sanin harsuna goma sha biyu. Rubutun kuma bai tsaya ga sarakuna ba, domin an sami wasiƙun kasuwanci a kan fallayen dalma a Assur. Sargon II ya ci Karkemish a 717 K.M., ba da daɗewa ba rubutun ya mutu.

Batun yammacin Anatoliya yana bukatar taka-tsantsan. Gaskiya ne a 1998 Hawkins ya karanta sunan Tarkasnawa, sarkin Mira, a dutsen Karabel, an kuma tsinci hatimin tagulla mai wannan rubutu a Turoyi a 1995. Amma hatimi abu ne mai tafiya a aljihu, guda ɗaya bai isa ya nuna harshen gari ba. Wani dogon rubutu da aka buga a 2017 daga takardun marigayi James Mellaart, wanda aka ce ya ba da labarin yaƙe-yaƙen Luwiyawan yamma, ba wanda ya taɓa ganin dutsensa, a 2018 kuma binciken takardun mutumin ya nuna cewa ya sha ƙaga irin waɗannan abubuwa da hannunsa.