Kiɗan Turmi da Waƙar Goyo a Ƙasar Damagaram

Duk wanda ya nemi labarin kiɗa da waƙa a ƙasar Damagaram, tun daga lokacin da wani da ake kira Malam ya kafa harsashin sarautarta wajen shekara ta 1731, har zuwa zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya kewaye birnin Zinder da ganuwa ya kuma tara igwa, zai tarar abin da aka adana duk na ƙofar fada ne, wato tambari da kakaki da algaita, da kirarin da maroƙa suke yi wa sarki ranar hawan salla. Turawan da suka ratsa ƙasar ma, irin su Richardson wanda ya sauka Zinder a farkon 1851, da Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, wanda ya iso a ƙarshen 1852, sun cika takardunsu da zancen sarki da kasuwa da ayarin Azbinawa masu kawo gishiri. Ba laifinsu ba ne, domin baƙo namiji iyakarsa zaure, alhali kuwa waƙar da ta fi kowace yawa a ƙasar, wadda babu mahalukin da ya girma bai sha ta tare da nono ba, tana can bayan zaure, tsakanin turmi da murhu.

Droum, wadda take kudu maso yamma da birnin Zinder cikin yankin Mirya, ƙasa ce ta gero, kuma inda gero yake abinci, can turmi yake agogo. Na taɓa kwana a wani gida a can, aka tashe ni bayan asuba ba da kiran kowa ba sai da amon taɓare biyu suna faɗawa turmi ɗaya, wannan na sauka waccan na tashi, babu wadda ta taɓa ƴar'uwarta. Can sai babbar cikin mata biyun da suke dakan ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa hannu sau biyu, ta cafe ta kafin ta sauko, ta buga gefen turmin maimakon cikinsa, sautin ya sauya, ƙaramar ta amsa mata da waƙa. Wannan shi ne lugude. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne jaririn da yake goye a bayan babbar, an ɗaure shi tamau da majanyi, kuncinsa manne da kafaɗarta, wanda ya fara safiyar da tsala kuka, amma tun ba a gama surfe ba kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe, yana barci a tsakiyar hayaniyar da ta hana ni, babban mutum, komawa shimfiɗa. Uwar ba ta tsaya don ta rarrashe shi ba, kuma ba ta da halin tsayawa, domin fura tana jiran gari, masu gona suna jiran fura. Sai hikimar magabata ta haɗa mata aiki da raino cikin motsi ɗaya, jikinta ya zama shimfiɗar jijjiga, muryarta kuwa yaron yana jin ta ta ƙashin bayanta kafin ta iso kunnensa.

Ita waƙar raino ba ta da mawallafi, kuma ba a koyar da ita a zaune. Yarinya tana ɗaukarta ne tun tana ƴar shekara shida ko bakwai, ranar da aka fara goya mata ƙaninta, ta kai ta dandali ta gauraya da waƙoƙin gaɗa, sa'an nan ta tafi da ita gidan miji, wanda sau da yawa yake wani gari. Da yake Damagaram mahaɗa ce ta Barebari da Hausawa da Buzaye da Fulani, ga kuma ɗimbin matan da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka kawo cikin bauta, waɗanda da yawansu raino da daka ne aikinsu a gidajen manya, ba abin mamaki ba ne a ji kalma cikin waƙar wata tsohuwa wadda ita kanta ba ta san ma'anarta ba, ta dai gaje ta haka. Ma'anonin da aka sani kuwa ba su da yawa: a ce wa yaro ya yi shiru uwarsa ta tafi rijiya yanzu za ta dawo, a yi masa alkawarin abin daɗi, a jero masa sunayen kakanninsa da sana'ar gidansu kamar yadda maroƙi zai yi wa basarake. Wani lokaci kuma, kada mu ɓoye, waƙar ba don yaron ake yin ta ba, habaici ne ake aika wa kishiya ko uwar miji ta bayan danga, domin abin da ladabi ya hana a faɗa da baki, al'ada ta yarda a rera shi a kan dutsen niƙa.

Babbar ma'ajiyar wannan fanni ita ce kaka, kuma akwai dalili. Mai jego tana cikin wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa har kwana arba'in, in kuwa haihuwar fari ce, ga kunyar ɗan fari, wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta ko nuna masa so a gaban mutane. Wannan gurbi da kunya ta bari, kaka ce take cike shi, ita da al'ada ta ba lasisin wasa da jika, ta kira namiji angonta ta yi masa gorin bai kawo cefane ba, ta kira mace kishiyarta ta ce ta zo ƙwace mata miji, duk cikin waƙa tana cilla shi sama tana cafewa. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya ambata ga wanda ya so cika shayarwa, ɗakinta ake kai yaron, kuma dararen nan na farko da yake neman nono bai samu ba, babu abin da take da shi na ba shi sai kunu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da muryarta.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina hukuncin malamai a kan wannan? Saɓaninsu game da kiɗa sananne ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagalar sarakunan Hausa da kaɗe-kaɗe cikin Kitabul Farƙ, ko da yake Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take bi. Amma abin da aka yi inkari a kai shi ne lahawu da cuɗanyar maza da mata da yabon azzalumai, ba muryar uwa a kan ɗanta ba. Imam Gazali, cikin babin sama'i na Ihya'u Ulumiddin, ya kafa hujja da jariri wanda daddaɗar murya take katse masa kuka, da raƙumi wanda waƙar mai kora take sa ya manta nauyin kayansa, kuma hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da mai yi wa raƙuma waƙa a tafiya, sunansa Anjasha. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci wannan sarai, shi ya sa ta zuba karatun ƴan taru, wato matan da ake karantarwa, cikin waƙa, don mace ta iya riƙe shi hannunta yana kan aiki.

Haka kuma raino ba na yara kaɗai ba ne. Tsoho in ya kwanta jinya, idonsa ya dushe, abinci ya daina yi masa daɗi, akan ga ƴarsa ko jikarsa tana yi masa fifita tana rera masa Ishiriniya ko Burda a hankali, sai a ga leɓɓansa suna motsi yana bi, shi da ɗazu bai gane mai gaishe shi ba. Ita Burda ma, kamar yadda ya shahara, Busiri ya yi ta ne yana fama da shanyewar jiki. Akwai kuma masu kai marasa lafiya wajen ƴan bori a kaɗa musu goge da garaya, wanda malamai ba su taɓa amincewa da shi ba, ni ma ba shi nake nufi ba.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka mai da ita hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai, sarauta ta raunana, amma duk wannan bai taɓa turmi ba. Abin da ya taɓa shi injin niƙa ne. Ba na cikin masu kukan zuwansa, domin duk wanda ya ga kantar tafin hannun tsofaffin matanmu ba zai yi wa jikokinsu fatan irinta ba. Sai dai waƙar niƙa ba ta rayuwa in babu niƙa, kuma yarinyar da aka aika da kwano bakin inji ba za ta koyi lugude a layi ba. Rediyo ta zo ta adana muryar mawaƙan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo, kamar yadda faifai ya adana amadar Barmani Choge a Nijeriya, amma tsohuwar da take rera wa jikanta ba ta da makaɗa ba ta da ubangida, saboda haka ba a kai mata makirufo ba. Kaɗan da ya shiga takarda, kamar waƙoƙin da Baba ta Karo ta faɗa wa Mary Smith a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya shiga ne don an sami mace ta wuce zaure ta zauna ta saurara.

A yau a Droum da ƙauyukanta har yanzu ana daka, kuma akwai sauran tsofaffin da suka yi niƙa a dutse da hannunsu. Wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru, ita ma tana ɗaukar murya. Wanda Allah ya bar masa kaka ko gwaggo da rai, ya je ya gaishe ta, ya ɗora mata jariri a cinya, domin ba za ta rera ba in an ce ta rera, sa'an nan ya kunna wayar, ya tambaye ta daga bakin wa ta ji, kuma a wane gari.