DAGA GOYO ZUWA ƊAUKAR KAYA: WAIWAYE A KAN GIRMAN EKKLESIYA

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu wannan biki na cika shekara hamsin da kafa ekklesiyarmu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka kafin mu shiga murna da waƙe-waƙe, ya kamata mu duba inda aka fito, mu kuma yi wa kanmu tambaya guda: cikin shekarun nan hamsin, girma muka yi ko tsufa kawai? Gama mutum yakan tara furfura alhali hankalinsa na yaro ne, haka ma ekklesiya. A Ibraniyawa 5:12-14 an tsawata wa waɗansu masu bi, domin lokaci ya yi da za su koyar da waɗansu, amma har yanzu madara ake ba su. Tarihin ECWA, wadda mu reshenta ne, ya nuna mana yadda ake gane ekklesiyar da aka yaye. Ita ce wadda 'ya'yanta suka karɓi kayan da a dā waɗansu suke ɗaukar musu.

Zamanin goyo

A ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya kora shi. Sai a 1902 mishan ɗin da aka sani daga baya da suna SIM ta sami wurin zama a Patigi, a bakin kogin Kwara. Daga nan aka buɗe tashoshi a Wushishi, da Egbe, da Kwoi, da sauran wurare.

A cikin masarautun Arewa gwamnatin Turawa ba ta yarda a yi wa'azi a fili ba. Ƙofar da Allah ya buɗe ita ce ta jinya. A shekarun 1930 aka ba SIM aikin lura da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Mutanen da danginsu suka guje musu suka sami magani, suka koyi karatu, waɗansunsu suka karɓi Yesu, suka koma ƙauyukansu da bishara.

A wannan zamani ekklesiya jaririya ce. Bature ne yake wa'azi, shi yake yin baftisma, shi yake raba gardama, kuɗin gini kuma daga ƙetare yake zuwa. Babu laifi a cikin wannan, kowane ɗa da goyo ya fara. Sai dai wanda aka goya bai san nisan hanya ba.

Maganar Allah ta shiga hannun talaka

Yaye ya soma ne a 1932, shekarar da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya, shi ne ya ɗauki babban nauyin fassarar, tare da waɗansu irin su Likita Andrew Stirrett na SIM, da Hausawa masu bi da suka zauna da su suna gyara harshen. Hausa kuwa ta zama igiyar da ta ɗaure Bajju, da Ham, da Gbagyi, da Tangale, da Hausawa kansu cikin sujada ɗaya.

Iyayenmu ba su ɗauki littafin nan abin ado ba. A wurare da yawa mai neman baftisma yakan koyi karatu tukuna, domin ya iya buɗe Maganar Allah da kansa. Manomi ya dawo daga gona a gajiye, ya zauna gaban fitilar aci-balbal yana haɗa baƙi da wasali. Ajin baftisma yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, dattawa kuma suna lura da zaman mutum da iyalinsa da maƙwabtansa kafin a kai shi rafi. Wanda ya faɗi cikin zunubi akan sa shi ƙarƙashin horo, ya zauna a bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, har ya tuba a maido shi da farin ciki. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin ta Kagoro, suka yaye masu bishara waɗanda suke noma da hannunsu su ci, ran Lahadi kuma su hau mumbari.

Nan ne asalin ƙarfin ekklesiyoyin ƙauye. Mutumin da ya karanta wa kansa labarin Yusufu ko wasiƙar Yakubu ba ya bukatar Bature ya tsaya a kansa kafin ya san abin da ke daidai.

Ekklesiya ta ɗauki kayanta

A 1948, tun ECWA ba ta sami suna ba, masu bi na ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika 'yan mishan, wadda daga baya ta zama EMS. A lura da wannan da kyau. Mutanen da ɗakin sujadarsu na laka da ciyawa ne, baikonsu kuma sau da yawa damin dawa ne ko kwanon gero, su ne suka ce ba daidai ba ne su riƙe bishara su kaɗai. Haka ekklesiyar Antakiya ta yi a Ayyukan Manzanni sura 13, da ta keɓe Barnaba da Shawulu ta sallame su, ko da yake su ne manyan malamanta. Daga 1970 zuwa 1988 Rabaran Panya Baba, mutumin Karu, ya shugabanci EMS, aikin ya bazu cikin Nijeriya har ya ƙetare iyaka.

A 1954 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA, da shugabanni 'yan ƙasa. A shekarun 1960 kuma aka soma Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank, malami a Kagoro, yana cikin waɗanda suka assasa shi. Koyarwarsa mai sauƙi ce: shaida aikin kowane mai bi ne. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a cikin gidaje, aka fita biyu biyu zuwa ƙauyuka da kasuwanni. Zumuntar Mata ma ta ɗauki nata rabo. Su ne masu ziyarar marasa lafiya da gidajen makoki, su ne masu haddace ayoyi, baikonsu kuma ya riƙe ma'aikata da yawa a fagen bishara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Girma ya kai har ga tunani. Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi da aka haifa a 1936, ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, a 1973 kuma aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Ya yi ta gargaɗi cewa ekklesiyar Afirka tana yawa da sauri amma koyarwarta ba ta da zurfi, ya kuma nace a horar da malaman tauhidi daga cikinmu. Ya rasu cikin teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya a Disamba 1975, yana da shekara 39. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a Nijeriya. Ekklesiyarmu ta fara sujada kusan lokaci ɗaya da wannan miƙawa. Wato waɗanda suka aza harsashin wurin nan ba su jira wani daga ƙetare ya gina musu ba. Su suka haɗa kuɗi, su suka ɗebo ruwa da yashi, su suka ciyar da fastonsu.

Gwaji ta wurin wuta

Ba a sanin ƙarfin tukunya sai ta sha wuta. A Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Zariya, da Kaduna, da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa. Aka sake ganin irinsa a Kaduna a 2000, da Jos a 2001, daga 2009 kuma Boko Haram ta addabi Arewa maso Gabas, Kirista da Musulmi duka suka sha wuya. A Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe. Da aka sako sauran, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar ECWA mai shekara 14, domin ta ƙi musun bangaskiyarta. Abin da ta tsaya a kai, a gida da Makarantar Lahadi ta koye shi.

A kwanakin nan an ga masu bi da suka yi sujada cikin toka a Lahadin da ta biyo bayan ƙuna, suka kuma ci gaba da gaisawa da maƙwabtansu Musulmi. An kuma ga waɗanda ɗacin rai ya rinjaye su suka nemi ramuwa. Dukansu majami'a ɗaya suke shiga. Abin da ya raba su shi ne zurfin saiwar da Maganar Allah ta yi a zuciya.

Ina muke yau?

Yau muna da gini na siminti, da lasifika, da kayan kiɗa na zamani, da 'ya'ya masu digiri. Mun gode wa Allah. Amma bari mu auna kanmu da ma'aunin iyayenmu. Su sun sha wahala kafin su iya karanta littafi guda. Mu muna da fassarar 1979 a kan tebur, muna da ita har cikin wayar hannu, amma gidaje nawa ne suke buɗe ta tare da safe ko da dare? Ran Lahadi wuri ba ya isa, ranar nazarin Littafi Mai Tsarki kuwa benci biyu ba sa cika. Waɗansunmu suna yawo daga wannan mai annabci zuwa wancan suna neman mai da ruwan albarka, kamar yaran da Bulus ya kwatanta a Afisawa 4:14, waɗanda kowace iskar koyarwa take kaɗawa. In lokacin zaɓen dattawa ya zo, akan ji ana tambayar ƙabilar mutum kafin a tambayi halinsa, alhali kakanninmu sun bar harsunansu a ƙofa domin su yi sujada da murya ɗaya. Dattawa kuma sukan ji nauyin horon mai kuɗi. Waɗannan alamun ƙuruciya ne, komai yawan shekarunmu.

Maganin bai sake ba, da tsohuwar zuma ake magani. Kowane maigida ya maido da sujadar iyali. A riƙe ajin baftisma da muhimmanci, kada a gajarta shi domin biki ya kusa. Kowane dattijo da kowace uwa a Zumuntar Mata su ɗauki matashi ɗaya su rene shi cikin bangaskiya, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ekklesiya kuma ta riƙe baikon EMS da aminci, ta yi addu'a Allah ya kira ma'aikata daga cikin 'ya'yanmu na cikinmu.

Waɗanda suka kafa wurin nan yawancinsu sun huta daga wahalarsu. Kayan da suka sauke yana gabanmu. Ubangiji ya ba mu alheri mu ɗauke shi da aminci, mu miƙa wa na bayanmu, har ranar da Babban Makiyayi zai bayyana. Amin.