Tarihin Adire da Batik, da Yadda Kuɗinsu Ya Tallafi Marasa Galihu

Jama'a, duk wanda ya zauna Sabo, ko ta Badun ko ta Abekuta ko ta Shagamu, ba sai an gaya masa mene ne adire da kamfala ba. Matanmu na fitar da anko da su, samarinmu na ɗinka riguna da su, kuma idan za mu gida ganin dangi da wuya a rasa turmi ɗaya ko biyu cikin tsaraba. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda wannan sana'a ta samo asali, balle su san cewa akwai garin da kuɗin wannan zane ya ciyar da 'ya'yan talakawa, ya ba su makwanci, ya kuma koya musu abin dogaro da kai.

Mu Hausawa dai ba baƙin rini ba ne. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har gobe ana tsoma zane a karofinta da baba da toka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen tufafin birnin yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura kuwa ya yi suna wajen turkuɗi da ɗan kura, wanda mabuga ke bugawa har ya riƙa ƙyalli, Buzaye na saye suna naɗa rawani. A wajenmu rini aikin maza ne, a rami ake yin sa.

Da kakanninmu suka gangaro Kurmi fataucin goro da shanu, sai suka tarar Yarbawa su ma suna da nasu rinin, sai dai a nan aikin mata ne, kuma a manyan tukwane ake yi, da ganyen talaki wanda su ke kira elu. Kalmar adire ma'anarta a ɗaure a rina. Hikimar ita ce a hana shuni shiga wani sashe na zanen, ta yadda in an fitar da shi daga tukunya wurin zai fito da haske ya ba da ado. Wasu kan ƙulle zanen da zaren tukurwa, wani lokaci da tsakuwa ko iri a cikin ƙullin, shi ne oniko. Wasu kan bi shi da allura da zare su tsuke, shi ne alabere. Na uku shi ne eleko, inda ake dama garin rogo kamar koko, a zana ado da gashin kaza ko a shafa ta cikin gwangwanin da aka huda, a bari ya bushe, a rina, sannan a kankare.

Kasuwar adire ta buɗe sosai a farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanonin Turawa suka cika gari da farin alawayyo mai arha. Abekuta da Badun suka zama cibiya, fatake na zuwa saye daga Gwalkwas, wato Gana ta yau, har da Sanagal. Kowane ado da sunansa. Akwai Ibadandun, wato Badun da daɗi, mai ɗauke da ginshiƙan zauren Mapo, akwai kuma wanda aka yi domin bikin cikar Sarki Joji na Biyar na Ingila shekara 25 a kan gado a 1935.

Sai dai alheri ya zo da nasa wahalar. A shekarun 1920 shunin kanti da soda suka shigo. Aiki ya yi sauƙi, masu rini suka yi yawa, waɗanda ba su ƙware ba suka riƙa fitar da zane mai zuba ko mai ruɓewa saboda yawan soda, masu saye suka fara ja da baya. Alake na Abekuta, Ademola na Biyu, ya hana amfani da waɗannan kaya, mata marina kuwa, da bashi ya yi musu katutu, suka ƙi yarda, rigimar ta kai har aka kafa kwamitin bincike a 1936. Kafin ƙarshen shekarun 1930 kasuwar ta faɗi. Darasin a fili yake, ranar da mai saye ya daina amincewa da ingancin zane, ranar talaka mai rini ke kwana da yunwa.

Shi kuwa batik, wato rini da narkakken kaki, asalin shahararsa tsibirin Jaba ne na ƙasar Indonesiya. Can ana zuba kakin cikin ɗan mazubi na tagulla mai siririn baki da mariƙin gora, a zana ado da hannu, a rina, a dafa zanen kakin ya narke ya fita, in ana son wani launi a sake maimaitawa. Zane ɗaya mai kyau kan ci watanni. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2009. Mutanen Holan da suka mallaki Jaba sun yi ƙoƙarin kwaikwayonsa da inji, mutanen Jaba ba su karɓa sosai ba, sai aka juyo da shi Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 19. Atamfar Holan da muke sa wa a lefe, irin ta kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846, jikar batik ce ke nan.

A ƙasar Yarbawa aikin kaki da hannu ya yaɗu ne a shekarun 1960, tare da launuka iri-iri da suka wuce shuɗi, ana narka kyandir a yi aiki da shi. Shi ne aka fi sani da kamfala, kuma ana cewa sunan ya samo asali ne daga taron sulhun yaƙin basasa da aka yi a Kampala ta Yuganda a 1968. A daidai wannan lokaci garin Oshogbo ya zama matattarar masu zane-zane, bayan Duro Ladipo ya buɗe zauren Mbari Mbayo a 1962. Akwai kuma Baturiyar Ostiriya, Susanne Wenger, wadda ta zo Nijeriya a 1950, ta zauna Oshogbo tana aikin batik har rasuwarta a 2009.

A wannan gari ne Nike Davies-Okundaye ta yi fice. An haife ta a 1951 a Ogidi ta ƙasar Ijumu, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara 6, kuma a hannun kakar mahaifiyarta ta koyi saƙa da adire. Talauci bai bar ta ta yi nisa a boko ba. Da batik ɗinta ya samu karɓuwa, har ana gayyatarta Amurka da Turai tana koyarwa, sai a 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo da kuɗin cinikinta, ba da tallafin gwamnati ba. Ta fara da 'yan mata 20 da ba su da abin yi, ta ba su abinci da wurin kwana da kayan aiki kyauta, ta koya musu adire da batik. A 1996 ta kafa wurin saƙar asoke domin matan ƙauyensu, a 2002 ta buɗe wata cibiyar a Abuja, sannan a 2009 ta buɗe katafaren gidan nuna kayan fasaha a Lekki ta Legas. Dubban matasa sun koyi sana'a ta wannan hanya ba su biya ko sisin kwabo ba.

In mun duba da kyau za mu ga dalilin da ya sa wannan tsari ya ɗore. Sana'ar ba ta son jari mai yawa, yadi ne da kaki da launi da tukunya da hannu. Abin da ɗalibi ya yi ana iya sayar da shi, kuɗin ya sayo kayan da na bayansa zai koya da su. Mai saye ya tafi da zane, mai koyo ya tafi da sana'a, ba wanda ya yi bara. Ai ko Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To yau ma ga wata barazanar, mai kama da ta zamanin Alake Ademola. Adiren inji da ake bugowa daga waje, musamman Sin, ya cika kasuwanni da arha, kuma masu rinin Itoku a Abekuta sun daɗe suna kuka a kai. Gane shi ba wuya. Na inji adonsa na maimaita kansa daidai wa daida kamar an auna da ma'auni, bayansa kuma yakan fi gabansa kodewa. Na hannu kuwa ba za ka sami ƙulli biyu iri ɗaya ba, kuma a batik za ka ga siraran jijiyoyi inda kaki ya tsage launi ya kutsa, kowace da inda ta nufa.

Saboda haka idan za mu fitar da anko, ko na biki ko na suna ko na ƙungiya, ya kamata mu tuna cewa turmi hamsin ko ɗari da muke saya lokaci guda abincin gidaje ne masu yawa. Mu nemi masu yi da hannu mu ba su aikin. In kuwa wani ya zo mana da zane ya ce kuɗin na taimakon marayu ko zawarawa ne, to ba laifi ba ne mu tambaye shi wa ya rina, ina ake koyarwar, nawa ke isa hannun masu aikin. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Yaranmu kuma da ke zaune bakin tasha ba aikin yi, ga sana'ar kakanninsu nan a hannun maƙwabta, babu kunya a je a koyo.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.