Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi a Filin Ƙwallon Makaranta

A ƙasar Gwandu, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, idan sakandaren karkara ta kara da ta cikin gari aka lallasa ta, bayanin da ake yi a bakin fili ɗaya ne: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wai makaranta mai ɗalibai dubu ba ta rasa zaƙaƙurai goma sha ɗaya, alhali wadda ke ɗibar yara daga mazaɓu irin su Jiga Makera sai ta haɗa da wanda bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba kafin ta cika lamba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin wasannin makaranta a Arewa bai mara mata baya ɗungurungum ba. Yawan da ke cin wasa shi ne na yaran da makaranta ke iya riƙewa bayan la'asar, kuma wannan ya sha bamban da yawan da ke cikin rajista.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta zarce Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, ƙaramar makaranta ce ƙwarai idan aka auna ta da ma'aunin yau. Sai dai ɗalibanta zaɓaɓɓu ne daga lardunan Arewa, a ciki suke kwana, kuma fita fili da yamma dole ne kamar shiga aji. Can Ahmadu Bello ya ƙware a wasan fayif, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, tsakanin 1926 da 1931, bai kuma bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. Makarantar Midil ta Sakkwato ma haka take: makaranta ɗaya ga lardin da ya haɗa Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri. Tsarin da waɗannan makarantu suka gadar wa na bayansu shi ne raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da kyaftin da ƙungiyarsa, a yi ta gasa a tsakaninsu tun farkon zango. Kafin a fitar da ƙungiyar makaranta, malamin wasanni ya riga ya ga ƙafar kowane yaro sau da yawa. Makaranta mai yara ɗari biyu tana da 'yan wasa kusan ɗari biyu.

Wannan lissafi ya fara rushewa ne da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Shekaru shida bayan haka taron yaran ya iso ƙofar sakandare, gidajen kwana ba za su ɗauke su ba, sai makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 sun ƙara kai makaranta kusa da gida, abin da ba mai hankalin da zai yi kuka da shi. Amma ƙwallo ta biya kuɗin. Inda ɗalibai suka yi yawa, filin wasa ne wuri na farko da ake yanka a gina sababbin azuzuwa. Ana tashi da azahar kowa ya kama gabansa. A Aliero da kewayenta, da rani yaro fadama yake nufa, domin albasa ba ta jiran a gama atisaye kafin a yi mata ban-ruwa; a Jega, kasuwa da bakin tasha suna kiran nasu. Makaranta mai ɗalibai dubu da ba ta iya tara talatin da yamma ta zama taron tsintsiya ba shara.

Mai ja da wannan magana zai kawo misalin Amurka, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. A jihar Texas ana kasa makarantu rukuni shida gwargwadon yawan ɗalibai, ana sake lissafin duk bayan shekara biyu, mafi ƙanƙanta kuma suna buga ƙwallon zari-ruga irin tasu da mutum shida maimakon goma sha ɗaya, dabarar da wani malami, Stephen Epler, ya ƙirƙiro a Nebraska a 1934 don ƙauyukan da ba su da yara. Ba su yi haka a banza ba: idan komai ya zo daidai, wanda ya tsinto goma sha ɗaya daga dubu zai doke wanda ya tsinto daga ɗari. To, sharaɗin shi ne komai ya zo daidai. Can makarantun gwamnati kusan duka jeka-ka-dawo ne, suna da fili da koci da motar da ke mayar da yaro gida, shekarun 'yan aji ɗaya kuma ba su da tazara. Da aka daidaita waɗannan sai yawa ya rage shi kaɗai ne bambanci. A nan kuwa, in aka kwafo tsarin yadda yake, makarantar kwana mai yara ɗari uku za ta faɗa rukuni ɗaya da ta ƙauye mai ɗari uku, ta cinye ta ba tare da ta yi gumi ba.

Ga kuma batun shekaru, wanda ke iya juya lissafin baki ɗaya. Yaron karkara da ya fara da makarantar allo da noma yakan shiga sakandare a makare, da ƙashin da ya riga ya yi ƙwari, har ƙaramar makaranta ta fito da ƙarti a gaban 'yan birni masu shekara goma sha huɗu. Sannan akwai 'yan haya, samarin kulob ɗin unguwa da ake sa wa rigar makaranta ranar wasa. Wannan ciwo bai tsaya a ƙauye ba. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, ta ci na matasa sau huɗu bayan nan, amma zargin rage shekaru a irin waɗannan gasanni ya kai hukumar FIFA ga ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa don gano shekarunsu daga 2009. Inda za a iya aro ɗan wasa, rajista ba ta faɗa maka ƙarfin kowa.

Ita ma makarantar kwanan da ta riƙe wasan shekaru da dama ta yi rauni. Tun sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, iyaye da yawa sun fi son ɗansu ya kwana a gabansu, kuma ba a ga laifinsu ba. Idan za a kasa makarantun wannan yanki a gasa, layin da ya kamata a fara ja shi ne tsakanin na kwana da na jeka-ka-dawo, sai a tantance shekaru, yawan ɗalibai ya biyo a na uku. Kafin nan, ƙwallon da yaran Jiga Makera suka iya a fegin bayan gari suke koyon ta, gab da magariba, da duwatsu biyu a matsayin raga, babu malamin wasanni a wurin balle ya rubuta sunan kowa.